Wa Zai Gaji Maciji? Tarihin Wasan Sanɗa

Akwai wata rigimar gado da ta taso a duniyar wasannin bidiyo wadda nake ganin ta cancanci mu masu nazarin adabi mu tsaya mu dube ta, ko da yake ba a ƙasarmu ta faru ba, ba kuma da harshenmu ake yin ta ba. A ƙarshen watan Janairu na 2024 wani mutumin Japan mai suna Hideo Kojima ya fito ya shaida wa duniya cewa zai koma ga irin wasan da ya yi suna da shi, watau wasan leƙen asiri da sanɗa, har ya raɗa wa sabon aikin suna Physint. Ran 28 ga Agusta 2025 kuma kamfanin Konami, inda Kojima ya yi aiki kusan shekara talatin kafin su rabu baram-baram, ya fito da Metal Gear Solid Delta, wanda tsohon wasan Kojima ne na 2004 aka sake wa gini. To, gida biyu ke nan suna da'awar abu guda. Ɗaya yana riƙe da suna da takardun mallaka, ɗayan kuwa yana da mutumin da ya ƙago abin, amma ba shi da ikon ɗora sunan a kan kayansa. Masu sha'awar wasan sun zura ido su ga daga wane gida magaji zai fito. A nawa ganin, ba za a iya yanke wannan hukunci ba sai an koma an ga yadda aka haifi abin da ake rigimar a kansa.

Na sani wasu daga cikin malamaina za su ce me ya haɗa mu da wasan yara. Su yi mini haƙuri har su kai ƙarshe. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa ba baƙin Konami ba ne, domin duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon gem yana jiran layi ya zo kansa, ya ga wannan suna a talabijin kafin a fara ƙwallon Winning Eleven ko Pro Evolution Soccer. Abin da ya sa da yawanmu muka san ƙwallon Konami ba mu san Metal Gear ba a fili yake. A shago kuɗin wasa guda kake biya, ga mutane a bayanka suna jira, ga fargabar a ɗauke wuta. Wa zai yarda ka kwanta a ƙarƙashin babbar mota na minti biyar kana jiran mai gadi ya juya baya? Ai sai a ƙwace linzamin a ba wani.

Wannan kwanciya a ƙarƙashin mota ita ce ainihin wasan sanɗa. Galibin wasannin yaƙi bindiga suke miƙa maka, su ce duk abin da ya motsa ka harbe. Wasan sanɗa kuwa kai kaɗai yake jefa ka cikin sansanin da ke cike da sojoji, ya bar ka da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba, ya ce ka shiga ka ɗauko abin da aka aike ka, ka fita ba wanda ya san ka zo. Aikinka kallo ne, da sauraro, da lissafin takun mai gadi, da haƙuri irin na maharbi a bakin tafki. Wanda ya tashi da jin tatsuniyoyin Gizo, yadda yake fita daga hannun Zaki da Kura alhali ba zai iya kokawa da ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin daɗin wannan wasa.

Ba Kojima ne ya fara ba. Tun a 1979 wani ɗalibin Jami'ar Tokiyo, Hiroshi Suzuki, ya tsara wani ɗan wasa mai suna Manbiki Shounen a kan kwamfutar PET, inda yaro yake ɗauke kaya a kanti yana kauce wa idon mai kantin. A 1981 kuma wani Ba'amurke, Silas Warner, ya fito da Castle Wolfenstein a kan kwamfutar Apple II. A ciki kai fursunan yaƙi ne da ke neman tserewa daga hannun sojojin Jamus, harsashinka kaɗan ne, kuma kana iya sa kakin abokan gaba ka wuce ta gabansu. Abin da ya sami wannan suna daga baya ya kamata mai karatu ya riƙe shi. A 1992 wasu samari na kamfanin id Software suka ɗauki sunan suka yi Wolfenstein 3D. Da farko sun gwada jan gawa a ɓoye ta da sauran dabarun laɓe, sai suka ga abin yana rage gudun wasan, suka watsar. Abin da ya fito shi ne kakan wasannin harbe-harbe na zamani. Suna ya rayu, sana'a ta mutu, kuma har yau in an ce Wolfenstein ba wanda yake tuna sanɗa.

Haihuwar Maciji

An haifi Kojima a Tokiyo a 1963, ya tashi a yankin Kansai a gidan da kallon fim ya zama al'adar kowane dare. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13. Burinsa shi ne ya zama mai shirya fim, amma ilmin tattalin arziki ya karanta a jami'a, sa'an nan a 1986 ya shiga Konami. So ya yi a sa shi a sashen na'urar Famicom ta Nintendo wadda take tashe a lokacin, sai aka tura shi sashen kwamfutar MSX. Wasan farko da ya tsara da kansa soke shi aka yi tun bai fito ba. Ana nan sai aka miƙa masa wani wasan yaƙi da ya gagari na gaba da shi, aka ce ya ƙarasa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamfutar MSX2 ba ta iya nuna ƙananan hotuna masu motsi fiye da 8 a kan layi guda na allo. Soja hoto ne, harsashi ma hoto ne. Da zarar sojoji sun yi yawa harsasai sun fara tashi, sai hotunan su riƙa ƙyafta ido suna ɓacewa. Wasan yaƙi kuwa ba harsashi, ai tuwo ne ba miya. Kojima ya tuna da wani fim na 1963, The Great Escape, labarin fursunonin yaƙi da suka haƙa rami suka tsere daga sansanin Jamus, sai ya juya al'amarin gaba ɗaya: tun da na'ura ba za ta iya ɗaukar faɗa ba, to a yi wasan da gwanintarsa ita ce guje wa faɗa. Manyansa ba su yi na'am da wannan nan take ba, don a ganinsu ba wanda zai fid da kuɗinsa ya sayi wasan gudu. Haka dai aka lallaɓa har Metal Gear ya fito ran 13 ga Yuli 1987.

Labarinsa gajere ne. An aiki wani sabon soja mai laƙabin Solid Snake, watau Maciji, ya kutsa wani sansani na ƙirƙira mai suna Outer Heaven a Afirka ta Kudu, ya lalata wata tankar yaƙi mai tafiya da ƙafa biyu wadda ke iya harba makamin nukiliya daga ko'ina. Ya shiga ba bindiga, sai kwalin taba a aljihu. Masu gadi ba sa gani sai abin da ke gabansu sak, amma in suka hange ka sai alamar motsin rai ta bayyana a saman kansu, sai gudu. A nan ne aka fara dabarar nan da ta zama tambarin wasan, ta shiga cikin kwali ka tsuguna, soja ya wuce yana zaton kaya ne. A ƙarshe Maciji ya gano cewa shugabansa Big Boss, wanda yake ba shi umurni ta rediyo tun farko, shi ne mai sansanin. Ina so a lura da abu biyu a nan. Na farko, rashi ne ya haifi wannan wasa, dole ce ta zama uwar na ƙi. Na biyu, tun ran farko labarin na ɗa ne da ya ɗaga hannu a kan wanda ya rene shi.

Ba a je ko'ina ba aka fara ɗauke wa Kojima ɗansa. Wani sashe na Konami ya mai da wasan kan na'urar Nintendo ba tare da saninsa ba, aka canza taswira, aka yi masa fassarar Turanci mai cike da kurakurai, har ma tankar da wasan ya ci sunanta aka cire, aka sa wata babbar kwamfuta a madadinta. Duk da haka ya sayu ƙwarai a Amurka, ya haura miliyan guda. Ganin haka kamfani ya sa aka yi masa kashi na biyu don kasuwar Turawa, Snake's Revenge na 1990, nan ma ba a tuntuɓi Kojima ba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a cikin jirgin ƙasa ya haɗu da ɗaya daga cikin masu aikin, mutumin ya gaya masa abin da ake ciki, ya kuma roƙe shi ya yi ci-gaban gaskiya da hannunsa. Daga wannan hira aka sami Metal Gear 2: Solid Snake a Yulin 1990. A cikinsa masu gadi suka sami kunne, suna jin takunka a kan wasu irin daɓe, suna waige, suna bin ka daga wannan ɗaki zuwa wancan. Maciji kuma ya koyi jan ciki, da ƙwanƙwasa bango don ya janye soja daga bakin aikinsa, ya kuma sami na'urar da ke nuna masa inda abokan gaba suke. An kafa labarin a wata ƙasa Zanzibar Land, amma kada mai karatu ya ɗauka Zanzibar ta Tanzaniya ce, marubucin a tsakiyar Asiya ya ajiye tasa. A Japan kawai aka sayar da shi, sai a 2006 ya isa Amurka da Turai a hukumance. Ashe rigimar da muke gani yau ta taɓa faruwa, shekara 35 kafin fitowar Delta.

Shekarar 1998 ita ce shekarar da sanɗa ta fito fili. A Fabrairu aka fitar da Tenchu a Japan, wasan mayaƙan ninja masu bin rufin gidaje da dare. A Satumba Metal Gear Solid ya fito a kan PlayStation, aka sayar da fiye da miliyan 6. Kafin shekara ta ƙare kuma kamfanin Looking Glass na Amurka ya fito da Thief, wanda a ra'ayina har yau ba a yi wanda ya fi shi fahimtar duhu da sauti ba. Ɓarawon cikinsa, Garrett, yana da kibiyar ruwa ta kashe fitila, da kibiyar gansakuka ta rufe ƙarar takunsa a kan dutse, kuma a mataki mafi wuya an haramta masa kashe mutum sam. Looking Glass ya rufe ƙofa a 2000, watanni kaɗan bayan fitar da kashi na biyu. A wannan shekarar Hitman ya fito daga Denmak, a 2002 kuma Splinter Cell daga Kanada.

Shi Metal Gear Solid na 1998, an ce da tubalan wasan yara na Lego Kojima da mutanensa suka riƙa gina ɗakunan sansanin, suna leƙa su da ƙaramar kyamara don su ga yadda kusurwa za ta kasance. Wasa ne da yake tsokanar mai wasa a zahiri. Akwai wani maƙiyi, Psycho Mantis, mai karanta zuciya, wanda yake leƙa katin ajiyarka ya faɗa maka wasannin Konami da ka taɓa yi, kuma hanyar da aka fi sani ta cin galabarsa ita ce ka zare wayar linzami ka soka ta a rami na biyu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne jigon labarin. Solid Snake da abokin gabansa Liquid Snake 'yan'uwa ne da aka ƙera a ɗakin bincike daga ƙwayoyin halittar Big Boss. Liquid yana cike da ƙiyayya saboda ya yi imani an ba shi gurɓataccen kaso na gadon uba, an ba ɗan'uwansa mai kyau. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake rabon gado ya san wannan murya.

Kashi na biyu, na 2001, yaudara ce aka shirya wa masu saye. Duk tallan da aka nuna Maciji ne a ciki, amma bayan ɗan gajeren babi na farko sai aka karɓe shi aka miƙa maka wani saurayi mai farin gashi, Raiden, wanda daga baya ya gano cewa an shirya masa aikin ne ya yi kama da na Maciji na baya, don a gwada ko za a iya sarrafa mutum ta hanyar abin da aka ba shi ya sani. Jama'a suka fusata. Yau kuwa ana komawa ga wasan da mamaki, domin ya yi maganar ambaliyar labaran banza a intanet da masu tace wa jama'a abin da za su gani, tun ba a ƙirƙiri Facebook ba.

Na uku, Snake Eater na 2004, shi ne wanda Konami ya zaɓa ya sabunta, kuma ban ga laifin zaɓin ba. Labarin ya koma 1964, tsakiyar Yaƙin Cacar Baki, lokacin da Big Boss yake saurayi. An jefa shi a dajin Tarayyar Sobiyet, babu na'urar da ke nuna masa abokan gaba kamar da. Sai ya sake kaki ya shafa fenti a fuska daidai da ciyawa ko laka ko kututturen da yake kusa da shi. Sai ya farauci maciji da kwaɗo da kifi ya ci, in ya bar nama ya daɗe ya ruɓe ya ɓata masa ciki, in ya bar yunwa cikinsa ya yi ƙugi soja ya ji. In an harbe shi, da wuƙa zai ciro harsashin ya ɗinke. Akwai wani tsoho gwanin harbi daga nesa, The End, wanda kana iya share sa'a guda kuna farautar juna a daji, ko kuma ka ajiye wasan na mako guda ka dawo ka tarar tsufa ta kashe shi. An aike shi ne ya kashe malamarsa, The Boss, matar da ta koya masa duk abin da ya sani, bisa zargin ta ci amanar Amurka. Da ya kayar da ita a wani fili mai fararen furanni, wasan bai nuna maka kisan kamar fim ba. Tsayawa yake yi cak, bindiga a saitinta, yana jiran kai da ke riƙe da linzami ka danna. Bayan ka danna ne za a gaya maka cewa ba ta ci amana ba, gwamnatinta ce ta sadaukar da ita. Ban san wani littafi ko fim da zai iya ɗora wa mai karatu ko mai kallo irin wannan alhaki ba, kuma wannan ita ce amsata ga mai tambayar me ya haɗa mu da wasan yara.

Kojima ya sha cewa wannan ne na ƙarshe da zai yi. Ya so ya miƙa na huɗu ga wani na ƙasa da shi, Shuyo Murata, masoya suka yi ca har ya dawo. Da wasan ya fito a 2008, a kan PlayStation 3 mai ƙarfin gaske, sai tsohon ciwon son fim ya fito sarari: akwai wurin da za ka ajiye linzami ka yi kallo na minti 71 a jere, har littafin Guinness ya rubuta. Wani reshe kuma da aka bar wa matasan ma'aikata, Metal Gear Rising, ya gagare su, aka kai shi kamfanin PlatinumGames, ya fito a 2013 a matsayin wasan sara da takobi. Yana da daɗi, amma ba sanɗa ba ne.

Harshe da rabuwa

Na ƙarshe da Kojima ya yi wa Konami shi ne The Phantom Pain, wanda ya fito ran 1 ga Satumba 2015, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ya taɓo abin da ya shafe mu. An kafa labarin a 1984, rabi a Afganistan lokacin mamayar Sobiyet, rabi a kan iyakar Angola da Zayar. Tun a tsarin wasan harshe yana da aiki. In ka kama soja kana masa tambaya ba za ka fahimci abin da yake cewa ba sai ka samo tafinta na Rashanci ko Pashto ko Afrikaans ko Kikongo. Makamin da ake tsoro a wannan karo ba nukiliya kaɗai ba ce. Wata ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaro, ba ta tashi sai ta ji sautin harshen da aka horar da ita a kansa, sa'an nan ta hayayyafa ta cinye huhun mai magana. Mugun labarin, Skull Face, yaro ne daga cikin masu jin harshen Hangari da yaƙi ya raba shi da harshen uwarsa, ya yi ta sake harshe duk lokacin da ya sake ubangida, don haka ya ƙudura ya shafe Turanci daga doron ƙasa. Masanin da ya san sirrin ƙwayar kuma dattijo ne daga ƙabilar Navajo ta Amurka, wanda aka kai makarantar kwana yana yaro aka hana shi magana da harshensu. Wannan ɓangare ba ƙirƙira ba ce, an yi wa 'ya'yan ƙabilun asali na Amurka haka. Wanda aka taɓa tara masa kuɗi ko aka yi masa bulala a makaranta don ya yi Hausa a aji zai gane abin da ake nufi.

Akwai wurin da annobar ta ɓarke a sansaninka, mutanenka suna mutuwa, ba ka san dalili ba. Sai ka zauna ka bi takardun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya har ka gano cewa duk masu mutuwar suna jin Kikongo, sa'an nan ka ware duk mai jin wannan harshe ka killace. Wato wasan ya sa ka da hannunka ka tantance mutane bisa harshensu. Abin yana da nauyi, kuma na yaba da ƙarfin halin wanda ya tsara shi. Amma ba zan ɓoye ƙorafina ba: Afirkar da ke cikin wasan ba ta da kasuwa, ba ta da gari mai rai, ba ta da talaka mai magana da bakinsa. Sojojin haya ne, da ma'adinai, da rijiyar mai, da yara masu bindiga. An ari harshen Bakongo an gina labari a kansa, su kuwa ba a ba su komai su faɗa ba.

Ta fuskar sanɗa kuwa, wannan wasa ya ba mai wasa 'yancin da ba a taɓa ba shi ba: fili ne buɗaɗɗe, ka zo ta gabas ko ta yamma, da rana ko da dare, kuma in ka cika harbin kai sojoji su fara sa hular kwano, in ka cika zuwa da dare su nemo tabarau na ganin duhu. Sai dai labarin bai kammalu ba, har an ga wani babi da aka bari rabi a faifan da aka haɗa da bugu na musamman. Jaridar Nikkei ta ruwaito cewa kuɗin aikin ya haura dala miliyan 80, a daidai lokacin da Konami ke karkata ga wasannin wayar hannu masu arhar yi da yawan riba. A Maris 2015 aka fara goge sunan Kojima daga tallan wasan. A Disamba, a bikin The Game Awards, mai gabatarwa Geoff Keighley ya shaida wa jama'a cewa lauyoyin Konami sun hana Kojima zuwa karɓar lambar da wasan ya ci. A cikin watan ya kafa kamfaninsa mai zaman kansa tare da goyon bayan Sony.

Ga wani abin lura. A ƙarshen The Phantom Pain an tona cewa mutumin da ka yi ta sarrafawa tun farko ba Big Boss ba ne. Wani ma'aikacin jinya ne na rundunarsa aka yi wa tiyata aka sauya masa fuska, aka cusa masa tunanin ubangidansa, ya ɗauki sunan ya ci gaba da yaƙi da shi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma wasan ya nuna wannan na bogi ya riƙe sunan har ya mutu a kansa a Outer Heaven. Ko Kojima ya nufa ko bai nufa ba, ya bar wa Konami hujja a cikin wasiyyarsa.

Yadda Konami ya fara amfani da gadon bai yi kyau ba. A 2016 aka ɗauki Snake Eater, da filin furanninsa da komai, aka mai da shi injin caca na gidajen pachinko. A 2018 aka fito da Metal Gear Survive, inda kake tsaye bayan shinge kana sukan wasu dodanni da mashi, aka yi tir da shi. Daga nan shiru har 2023, lokacin da aka tattara tsofaffin wasannin aka sake fitarwa, aka kuma sanar da Delta. A Delta sai suka koma ɗaya gefen: muryoyin 'yan wasan 2004 aka sake amfani da su, taswira tana nan yadda take, labari ba a taɓa ba, hoto da yadda ake sarrafa Maciji kawai aka sabunta. Kamfanin ya ce an sayar da fiye da miliyan guda a ranar farko. Mai kula da aikin, Noriaki Okamura, ya bayyana cewa ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne matasan ma'aikata su koyi yadda ake gina irin wannan wasa tun tsofaffin hannu ba su ƙare ba. Wannan magana ta yi mini daidai. Almajirin da ya kwafi littafin malaminsa da kyakkyawan rubutu ya yi aikin kirki, ya kuma koyi abubuwa da yawa a hanya. Amma kwafi ba wallafa ba ne, kuma ranar da za a gane ko barewa ta haifi mai gudu ita ce ranar da suka zauna gaban farar takarda.

Tsoron da nake ji wa gidajen biyu iri ɗaya ne, watau wadata. Mun ga abin da ya sami Wolfenstein. Mun ga Splinter Cell, wanda a 2005 ya kai ƙololuwa da Chaos Theory, a 2010 kuma aka ba jaruminsa ikon sa wa mutane alama ya harbe su duka da dannawa ɗaya. Bayan na 2013 aka yi shekara goma sha biyu har ƙarshen 2025 ba sabo, ko da yake an sanar da sabunta na farkon tun Disamba 2021. Kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli yana so kowa ya saya, kuma yawancin masu saye ba sa son a ce musu su kwanta su jira. Don haka kullum ana ƙara wa mai sanɗa makami, har ya wayi gari ba shi da dalilin ɓuya. Na'urorin yau za su iya nuna harsashi dubu a lokaci guda, babu wata iyaka ta hoto 8 da za ta tilasta wa kowa dabara. Takurar da na'ura ta ɗora wa Kojima a 1987, yanzu sai dai mai tsara wasa ya ɗora wa kansa da gangan, ya kuma iya kare ta a gaban masu kuɗi.

Shi Kojima nasa haɗarin ya ɗan bambanta. Ya ce Physint zai rushe katangar da ke tsakanin fim da wasa, kuma wanda ya zauna minti 71 linzami a cinya yana da dalilin yin ɗari-ɗari da wannan alkawari. Ya bayyana cewa rashin lafiyar da ya yi a 2020, har aka yi masa tiyata, ita ta sa ya sake tunani ya amsa kiran masu roƙonsa ya koma ga leƙen asiri. Kafin nan ya fitar da Death Stranding a 2019 da na biyunsa a Yunin 2025. A 2025 ɗin ya ce Physint zai ɗauki shekara biyar ko shida, watau zai doshi shekara 70 kafin a gama. A Satumbar shekarar, wajen bikin cikar kamfaninsa shekara goma, ya ambaci uku daga cikin 'yan wasan da za su fito, Charlee Fraser da Don Lee da Minami Hamabe, amma bai faɗi wanda zai zama jarumin ba. A wata hira da mujallar Edge a shekarar kuma ya ce ya tara dabarun wasannin da ke kansa a cikin ɗan filashi ya miƙa wa mataimakinsa na musamman, kamar wasiyya, domin ba ya so bayan ransa ma'aikatansa su zauna suna juya tsofaffin sunaye kawai.